LIKITA SOLOMON BERSON, MAI AWON JINI

Yau za mu ba masu karatu labarin wani likita mutumin Amurka, wanda ya koya wa duniya auna abin da ido ba ya gani cikin jini.

An haifi Solomon Berson a birnin New York cikin 1918. Makarantun likita da yawa suka ƙi karɓarsa, amma bai fid da rai ba, har ya zama likita cikin 1945. Cikin 1950 ya gama kai da wata masaniya, Rosalyn Yalow, a asibitin tsofaffin soja na Bronx, daga baya suka juya kan ciwon sukari.

Suka gano jinin waɗanda aka daɗe ana yi musu allurar insulin ya kan ƙera garkuwa, watau wasu 'yan abubuwa masu kama insulin su riƙe. Masanan zamanin suka yi musu, wai insulin ya faye ƙanƙanta. Mujallar da ta buga binciken cikin 1956, sai da ta sa suka cire kalmar garkuwa daga kan maganar.

To, daga abin nan da aka raina suka fid da ma'auni. A kan sami insulin sanannen adadi, a yi masa lamba da aidin mai haskaka wanda na'ura ke ƙidayawa, sa'an nan a gauraya shi da garkuwa da jinin majiyyaci. Garkuwar nan kamar mota ce mai kujeru ƙidayayyu. In insulin na majiyyaci ya yi yawa, sai ya cika kujerun, mai lamba ya rasa wurin zama. Da ƙidaya masu lambar da suka zauna a kan san yawan na majiyyacin. Suka bayyana wannan dabara cikin 1959 da 1960, ba su kuwa yi rajistar mallakarta ba, suka bar wa kowa.

Berson ya rasu cikin 1972, da ciwon zuciya. Cikin 1977 aka ba Yalow kyautar Nobel, shi kuwa bai samu ba, don ba a ba mamaci. Amma ita ta riga ta sa wa ɗakin bincikenta sunansa.

Mu dai abin da muka gani, lada ya wuce shi, amfanin bai wuce jama'a ba. Har yanzu awon ciki da awon ciwon hanta da a ke yi a asibiti, jikokin dabarar nan tasu ne.