Jean-Louis Alibert, likitan da ya fara bayyana sankarar da ke ɓuya a fata

Duk wanda ya taɓa ganin tabo ya kumbura ya yi tudu a kunnen yarinya bayan huji, ko a ƙirjin saurayi bayan ɗan rauni, ya ga abin da likitocin Yamai ke rubutawa chéloïde a takardar asibiti. Wanda ya raɗa wannan suna Bafaranshe ne, Jean-Louis Alibert, da ya rasu tun 1837.

An haife shi a 1768 a garin Villefranche-de-Rouergue, kudancin Faransa. Da farko hanyar koyarwa ya kama a wata ƙungiyar limaman Kirista, sai juyin juya halin Faransa ya rushe ƙungiyar, ya nufi Paris ya shiga karatun likita yana dab da shekara 30. Kundin kammala karatunsa na 1799 kan zazzaɓi mai tsanani mai zuwa yana komawa ne, irin wanda mu a nan muka sani sarai.

A farkon shekarun 1800 aka tura shi asibitin Saint-Louis, wanda Sarki Henri na 4 ya sa aka gina a 1607 domin masu annoba. Ba wurin da matashin likita zai yi murnar zuwa ba ne. Can ake jibge waɗanda sauran asibitoci suka gaji da su: masu gyambo, masu ƙazuwa, masu ƙurajen da ba a san kansu ba. Alibert ya zauna da su. Yana duba fata da kyau, yana taɓawa, har shinshinawa yake yi, sannan ya sa masu zane su zana ciwon da launi. Daga 1806 ya fara fitar da babban littafinsa na cututtukan fata kashi kashi. Da ɗalibai suka yi wa ɗakin karatu yawa, sai ya koma koyarwa a ƙarƙashin itatuwan farfajiyar asibitin, majiyyaci a gabansa.

A cikin wannan littafi ne ya kawo labarin wani mutum mai shekara 56. Ciwonsa ya fara da tabbai masu ɓarewa, kamar ba komai ba. Daga baya ƙulluttai suka fito masa a fuska da jiki, suna kama da naman kaza, wasu suna fashewa suna ruwa, har ciwon ya kashe shi bayan shekaru yana fama. Alibert ya fara danganta shi da cutar ƙasashe masu zafi da Faransawa ke kira pian, daga baya ya sa masa suna mycosis fongoïde. Sunan ya zauna har yau, kuma yana ruɗar mutane, don mai jin Faransanci zai ɗauka irin su makero ne da ake shafa wa man kanti. Alhali sankara ce. Sai a shekarun 1970 bincike ya tabbatar cewa wani rukuni na fararen ƙwayoyin jini, waɗanda ake kira T, su ne ke lalacewa su taru a fata. Kafin nan, a 1938, Albert Sézary, shi ma a Paris, ya bayyana nau'in da ke mamaye fatar jiki duka ya shiga jini.

Ba a komai Alibert ya yi nasara ba. Ya tsara cututtukan fata kamar itace mai rassa, kowace cuta da danginta. Tsarin ya yi kyau a takarda, amma ɗalibinsa Laurent Biett ya bi na Robert Willan na Ingila, wanda ke farawa daga siffar ƙurjin farko, kuma wannan ne likitoci suka ɗauka. Wani ɓangare na laifin nasa ne: da ya zama likitan Sarki Louis na 18, sannan Charles na 10, fada ta ɗauke masa lokaci, ya bar wa Biett ɗakunan majiyyata. Duk da haka, a wajen darasinsa ne a 1834 wani ɗalibi ɗan tsibirin Corse, Simon Renucci, ya zaro ƙwaron ƙazuwa da tsinin allura a gaban jama'a, aka daina gardamar ko ƙwaro ne ke kawo ta.

Abin da ya sa labarinsa ya shafe mu shi ne, majiyyatan da ya zana kusan duk fararen fata ne, kuma littattafan da suka biyo baya sun daɗe a kan haka. A baƙar fata, wannan sankara kan fara ne da tabo mai haske, wanda ido zai ɗauka ƙyasfi ne ko farkon kuturta. Mutum na iya shafe shekaru tsakanin mai magani na kasuwa da man shafawa kafin a gane. Cutar ba ta da yawa, kuma yawancin irin waɗannan tabbai ba ita ba ce. Amma tabon da ya ƙi magani wata da watanni, musamman a wuraren da tufa ke rufewa kamar cinya da ɗuwawu, ya cancanci likitan fata ya gan shi, kamar na Babban Asibitin Ƙasa na Yamai, a yanki ɗan guntun fatar a duba a na'urar ƙara girma. Idan an gano ta tun tana matakin tabo, mai ita kan yi shekaru masu yawa da magani na shafawa ko na haske.

Alibert ya rasu a Paris ranar 4 ga Nuwamban 1837, yana da shekara 69. Titin da ke kaiwa ga asibitin Saint-Louis daga bakin mashigin ruwan Saint-Martin yana ɗauke da sunansa.