Audu Bako: ɗan sandan da ya san darajar daji

Ni ɗan Kutama ne, can wajen Gwarzo. Tun ina yaro nake jin dattawa na ambaton Audu Bako in ana hirar noman rani, amma sai da muka je aikin gani da ido a Dajin Falgore na gane ko wane ne shi.

An haife shi a Kaduna a 1924. Mahaifinsa ɗan sanda ne, shi ma ya gaji kakin. Da Gowon ya ƙirƙiro jihohi 12 a 1967 aka ba shi Kano, ya riƙe ta har 1975. Shi ya gina dam ɗin Tiga da na Bagauda da Gidan Zoo. A zamaninsa kuma gandun Kogin Kano, wato Falgoren yau, ya zama wurin kare namun daji. Hikimar a fili take: kogin ta dajin nan yake ratsowa kafin ya zuba a Tiga. In aka sare itatuwan, yashi ne zai cike dam.

To, abin da na gani ya dame ni. Titin Kano zuwa Jos ya ratsa dajin, ga kututture, ga buhunan gawayi suna jiran mota. Hanya alheri ce, amma duk inda mota ta shiga, gatari na biye.

Da ya sauka ya koma gona, ya rasu a 1980. 'Yan'uwa masu karatun safiyo da injiniyanci, gobe mu za a ba awon titi. Kafin mu kafa fegi a daji, mu tuna daga ina ruwan Tiga yake zuwa. Allah ya jiƙansa.