Alexander Parkes: Mutumin Da Ya Yi Roba Da Auduga

Duk sanda damina ta faɗi na ga leda ta toshe magudanun ruwa a unguwarmu, nakan ɗauka cewa roba tun asalinta 'yar man fetur ce. Sai da na karanta tarihin wannan bawan Allah na gane cewa daga gona aka fara samo ta.

An haifi Alexander Parkes a birnin Bamingham na ƙasar Ingila a shekarar 1813. Ya tashi a cikin sana'ar ƙira, ya koyi zubin tagulla, daga bisani ya ƙware wajen shafa wa kaya ruwan azurfa da lantarki. Gwanintarsa ta kai har saƙar gizo-gizo ya shafa wa azurfa ba ta tsinke ba.

Abin da ya ɗaukaka sunansa shi ne wani haɗi da ya yi. Ya jiƙa auduga a cikin asid, ya narkar da ita, ya gauraya da man tsirrai, sai ya samu wani abu da ke lanƙwasuwa in ya ji zafi, ya sandare in ya huce. Ya raɗa masa suna Parkesine. A 1862 ya kai mataji da maɓallai da ƙotar wuƙa na wannan roba bajen kolin duniya a Landan, aka ba shi lambar yabo ta tagulla.

A 1866 ya kafa kamfani. Garin neman ya sayar da araha, sai ya riƙa aiki da kayan haɗi marasa kyau. To, araha ba ta ado. Kayan suka riƙa tsagewa suna karkacewa, ga saurin kamawa da wuta. A 1868 kamfanin ya durƙushe. Wasu ne suka inganta aikin suka ci ribarsa, shi kuwa ya rasu a 1890.

'Yan'uwa ɗalibai, a yau an koma yin roba da sitacin masara da rake. Sai dai rayuwar Parkes ta koya mini cewa fitowa daga tsiro kaɗai ba ta isa ba. Wasu robobin masarar ba sa ruɓewa sai a masana'antar haɗa taki mai zafi. In aka yar da su a kwata, nan za su daɗe. Don haka kafin mu yaba wa sabuwar roba, mu tambaya: tana da inganci? In ta gama aiki, ina za ta?