Chris Seydou, Telan Da Ya Ɗaukaka Saƙar Mali

Sunansa na yanka Seydou Nourou Doumbia. An haife shi a Kati, kusa da Bamako ta ƙasar Mali, ran 18 ga watan Mayu, 1949. Mahaifiyarsa gwanar aikin zare da allura ce, a wurinta ya fara sha'awar ɗinki. Ya koyi sana'ar tela a Kati, ya buɗe shago a Wagadugu, sa'an nan ya wuce Abijan. Sunan nan Chris kuwa ya aro shi ne daga Christian Dior, mashahurin maɗinkin Faransa. Daga Abijan sai Paris, inda ya yi aiki a gidan Yves Saint Laurent.

Abin da ya fid da sunansa shi ne bogolan, watau zanen Bambarawa. Saƙar hannu ce ta auduga, a jiƙa ta cikin ruwan ganyen marke, mata su zāna ta da laka wadda ta daɗe a tulu. Inda lakar ta taɓa sai wurin ya yi baƙi, ko an wanke ba ya fita. Da can tufar ƙauye ce, ta maharba da masu jego. Zanen a cunkushe yake, in aka sa almakashi sai ya ƙi haɗuwa a bakin ɗinki. Seydou ya sa masu rini suka rage cunkoson, ya ɗinka kwat da siket da huluna, har Turawa suka shiga saye. Da ya koma Bamako a 1990, masaƙar ITEMA ta riƙa buga zanensa a kan yadi. A 1993 suka kafa ƙungiyar maɗinkan Afirka, shi da Alphadi mutumin Nijar da waɗansu. Allah ya yi masa rasuwa ran 4 ga watan Maris, 1994, bai cika shekara 45 ba.

A 2022 aka baje ɗinkinsa a gidan tarihi na Victoria da Albert a Landan. Da ba a adana tufafin da hotunan ba, me za a nuna?

To, jama'a, mu ma mu dubi gida. A Kakuri, ƙetaren kogin Kaduna, aka buɗe masaƙar Kaduna Textiles a 1957, ta rufe a 2002. Maƙwabciyarta United Nigerian Textiles ta shekara da shekaru tana buga atamfa. Littattafan samfur da zanen masu zāne na waɗannan masaƙu tarihi ne, gara kuwa ba ta san tarihi ba. Ya kamata hukuma ta tattara su a Gidan Arewa ko ma'ajiyar takardun tarihi ta Kaduna. Ku kuma malaman makaranta da akawuna, ku nemi tsofaffin ma'aikatan, ku rubuta abin da ke bakinsu tun suna da rai. Kowa ya bar gida, gida ya bar shi.