Muhammadu Rumfa, Sarkin Da Aka Ce Shi Ya Fara Kulle A Kano

Duk wanda ya tashi a ƙauyukanmu na bakin kogin Nil Azrak, daga Mai Wurno har zuwa nan Rusairis, ya san kulle tun kafin ya san allo. Matar aure tana ciki tana suya, 'yarta tana waje da faranti a ka tana talla, kuɗin kuma yana komawa ɗaki da yamma. In ka tambayi dattijo asalin abin, sai ya ce maka haka aka gada. Wani ya ce addini ne, shi ke nan, kada ka ƙara tambaya. To amma akwai littafin da ya kama sunan mutumin da ya fara kulle a ƙasar Kano, har da gidan da aka fara shi a ciki. Mutumin shi ne Muhammadu Rumfa, sarki na 20 a jerin sarakunan Kano, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499.

Littafin shi ne Tarihin Kano, wanda aka rubuta da Larabci a ƙarshen ƙarni na 19. Wani Bature, H. R. Palmer, ya fassara shi zuwa Turanci a 1908, fassararsa ta Hausa kuma tana cikin Labarun Hausawa da Maƙwabtansu. Tsakanin Rumfa da marubucin akwai shekara kusan 400, don haka labari ne da ya daɗe yana yawo a bakin maroƙan fada kafin ya hau takarda. Duk da haka shi ne madogarar kowa a kan wannan sarki.

Rumfa ɗan Sarki Yakubu ne, jikan Sarki Abdullahi Burja. Bai gaji talauci ba. A zamanin kakansa aka buɗe hanyar fatauci daga Barno zuwa Gwanja, ƙasar goro, raƙuma suka shigo, bayi suka yi yawa. Tarihin ya ce Galadima Dauda ya yi shekara bakwai yana yaƙi a kudu yana aiko da bayi, har ya kafa garuruwa 21, kowanne da bawa dubu a ciki. Ku riƙe maganar garuruwan nan, za mu dawo kanta. A zamanin mahaifinsa kuma Fulani malamai suka zo daga Mali da littattafan tauhidi, gishirin Asbin ya wadata a kasuwa. Ana cewa Gidan Makama, wanda yanzu gidan adana kayan tarihi ne a Kano, nan Rumfa ya zauna tun yana ɗan sarki.

Da ya hau gado sai ya ga tsohon gari ya yi masa kaɗan. Ya faɗaɗa ganuwa ta wajen Ƙofar Mata da Ƙofar Na'isa, ya kafa Kasuwar Kurmi, ya gina sabuwar fada wajen shekarar 1480, wadda har gobe sunanta Gidan Rumfa. Shi ya kafa Tara ta Kano, majalisar manya tara. Shi ya fara busa kakaki, da fifita da figini, da sa takalmin gashin jimina, da jan dawakin zage a bayan sarki. A zamaninsa aka fara sallar Idi a Kano. Ya yi yaƙi da Katsina shekara 11 ba wanda ya ci wani. Mutanensa suka yi masa laƙabi da Balaraben Sarki, saboda yadda ya ja Larabawa da malamai a jiki.

Babban baƙonsa shi ne Shehu Muhammadu ɗan Abdulkarim al-Magili, mutumin Tilimsan ta ƙasar Aljeriya ta yau, wanda ya iso Kano wajen 1492. Tarihin Kano ya kawo labarin wani sharifi da ya sa aka sare itaciyar tsafi ta gari aka gina hasumiyar masallacin Juma'a a wurin, masana da yawa kuma suna ganin al-Magili ake nufi. Ya rubuta wa Rumfa littafin Tajuddini a kan abin da ya wajaba a kan sarakuna, da wata wasiƙa a kan abubuwan da mai mulki zai hana jama'a. Cikin abubuwan akwai shan giya, da zina, da bayyana tsiraici.

Maganar tsiraicin nan ba ado ba ce a takarda. Mu yanzu mun ɗauka tun fil azal Bahaushiya ko Basudaniya a lulluɓe take, amma ba haka duniyar take ba. Ibn Baɗɗuɗa da ya ziyarci Mali a 1352 ya yaba wa mutanenta kan sallah da haddar Alƙur'ani, sannan ya yi tir da yadda kuyangi, har da 'ya'yan sarki mata, suke shiga gaban jama'a ba sutura. Shi kansa Askiya Muhammadu na Songhai ya kai wa al-Magili ƙarar mutanen Jenne, inda budurwa ba ta rufe jikinta sai ta yi aure. Garuruwan Musulmi ne fa duka. A wancan zamani tufafi dukiya ce, kuma alama ce ta cewa mace tana da miji ko tana da gata. To a irin wannan duniya ne Rumfa ya zagaye matansa da katanga. Ina ganin ga baƙon malami da fataken Arewa wannan shaida ce cewa sarkin Kano ya shiga sahun sarakunan Musulunci. Ga talakan gari kuwa wani saƙo ne daban: sarki yana da abin da ido ba zai gani ba.

Yanzu ga wurin da labarin yake da ɗaci, wanda ba a cika faɗa wa yara ba ranar hawan Sallah. Layin da ya ce Rumfa ya fara kulle, layukan da ke gabansa sun faɗi yadda aka tara matan. Shi ne sarkin da ya fara kame. Ya naɗa wani bafade mai suna Durman ya riƙa bin gidajen Indabawa yana ɗauko masa kowace budurwa 'yar fari. Shi ne kuma sarki na farko da ya tara mata dubu. Masana suna danganta Indabawan nan da garuruwan bayin da Galadima Dauda ya kafa, kuma akwai gari mai suna Indabo a yankin Wudil har yau. Wato 'ya'yan bayin gandun sarki ne. Ba a kai goro, ba a yanka sadaki, ba a tambayi uwa ba. Ka yi tunanin matar da ta haifi 'yarta ta fari a irin wannan gari, tana kallonta tana girma, ta san ranar da ƙirjinta ya fito ranar za a zo.

Ko dubun nan dubu ce cif, ko kuwa irin dubun maroƙa ce, abu ɗaya a fili yake: shari'a ba ta ba namiji fiye da mata huɗu ba. Saura duka ƙwaraƙwarai ne, waɗanda muke ce wa sa-ɗaka. Fikihun Malikiyya ya ba su wata ƙofa. In ƙwarƙwara ta haihu da ubangijinta ba a ƙara sayar da ita, in ya mutu ta 'yantu, ɗanta kuma ɗa ne kamar kowa, yana gado, yana iya zama sarki. Sarakunan Kano da dama a bayan Rumfa 'ya'yan ƙwaraƙwarai ne. Wannan ya sa cikin gida ya zama fagen siyasa mai zafi, don kowane ɗaki yana iya fitar da sarkin gobe.

Kuma gida mai mata haka yana buƙatar masu gadin da ba a tsoronsu. Nan babanni suka shigo, wato bayi maza da aka yi wa dandaƙa. Sun riga Rumfa zuwa ƙasar Hausa, don tarihin ya ce Sarkin Nupe ya aika wa Sarauniya Amina babanni 40 da goro 10,000. Amma Rumfa ne ya fara ba su sarautu, har da ta Ma'aji da Sarkin Bai. Dabarar a bayyane take. Mutumin da ba zai haihu ba, ba shi da ɗan da zai nema wa gado, don haka ana iya ba shi mabuɗin taska da na cikin gida a kwana lafiya. Wani abin da ke ba ni mamaki shi ne, gargaɗin da al-Magili ya fi nanatawa a Tajuddini shi ne kada sarki ya shamakance kansa daga talakawa, don daga nan ɓarna take farawa. Littafin yana hannun sarki, katanga kuma tana ƙara tsawo.

Kada dai mai karatu ya ɗauka matan nan zaman kashe wando suke yi suna jiran kira turaka. Wata Ba'amurkiya mai bincike, Heidi Nast, ta yi shekaru tana shiga Gidan Rumfa tana hira da tsofaffin mata, ta fitar da littafi a 2005. Ta nuna cewa hatsin haraji da ake kawowa fada a hannun ƙwaraƙwarai yake, su ke karɓa, su ke ajiya a rumbuna, su ke rabawa. Tunda an ɗauko su daga sassa daban-daban, sun san ƙasar da ta yi albarka da wadda ke ɓoye amfanin gona. Ta kuma gano alamun karofin rini a cikin gidan, inda mata ke rina tufafi da shuni. Akwai Uwar Soro a kansu, akwai jakadu mata masu kai saƙo tsakanin ciki da waje. Fadar da aka kulle ita ce kuma ma'aikatar abinci ta ƙasa.

Kwalliyarsu fa? Bayani mafi tsufa da na karanta mai cikakken fasali ya zo ne daga baya sosai, daga matafiyin nan Clapperton da ya shiga Kano a 1824. Ya tarar da mata suna rina gashi da gira da shuni, suna sa kwalli, suna rina haƙora da leɓe su yi ja da furen taba da goro. Kakanninmu mata da suka yo hijira sun zo da ragowar wannan, sun tarar da matan Sudan da nasu shuluk a kumatu da huda leɓe ya yi baƙi. Yau 'yar sakandare ta ga hoton wannan sai ta kama baki, ita kuma tana shafa man bilicin. Abin dariya, amaren Kano na yanzu kuɗi mai yawa suke biya a yi musu dilka da halawa da humra da turaren dukhan, waɗanda mu nan muke ɗauka abin yau da kullum.

Cikin matan Rumfa akwai wadda katanga ba ta rufe sunanta ba, ita ce Auwa. Wasu ruwayoyi sun ce 'yar Askiya Muhammadu ce, kuma Leo Africanus ya rubuta cewa Askiya ya tilasta wa sarkin Kano auren 'yarsa da biyan kashi ɗaya cikin uku na haraji, sai dai Tarihin Kano bai faɗi haka ba. Abin da ya faɗa shi ne ita ce uwar Abdullahi wanda ya gaji Rumfa a 1499, ana kiranta Madaki Auwa, maganarta tana da nauyi a wurin manya, har ita ce ta kashe wutar tawayen Dagaci lokacin da ɗanta ba ya gari. Ta ga mulkin jikanta Muhammadu Kisoki, inda ɗan'uwanta Guli ya zama babba a fada. Wani ɗan nata, Abubakar Kado, shi ma ya yi sarauta a 1565. Sunanta kaɗai na gani a littafin cikin matan sarkin. Sauran lamba ce kawai.

Shekara 300 bayan Rumfa, Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya lissafa laifuffukan sarakunan Hausa a Kitabul Farƙi, cikinsu akwai tara mata har dubu ko fiye a gida ɗaya. A Nurul Albabi kuma ya yi kakkausar magana a kan malaman da ke barin matansu da 'ya'yansu cikin jahilci kamar kayan ɗaki, alhali suna karantar da almajiran waje. 'Yarsa Nana Asma'u ta kafa 'Yan Taru, jajis suna kai karatu ga matan ƙauye. Wannan ita ce hujjar da nake kai wa iyaye idan kujerar wata yarinya ta zama wayam a ajina bayan hutun kaka, aka ce mini an sa mata rana. Mu da muke alfahari da cewa jama'ar Shehu ce ta kafa Mai Wurno, ya kamata mu san wane gado ne na Shehu, wanne ne na fadar Rumfa. Ba kullum nake cin nasara ba. Wani uban ya saurara, wani ya ba ni shayi ya sallame ni.

Su kansu masu jihadi da suka ci Kano ba su rushe gidan ba. Suka shiga ciki, Sarki Ibrahim Dabo, wanda ya hau a 1819, ya maido da yawancin sarautun bayi da al'adun fada, ƙwaraƙwarai suka ci gaba da cika ɗakuna. Kulle kuma ya fito daga fada ya shiga gidajen malamai da attajirai, daga baya ya kai har ƙauye. Da Turawa suka ci Kano a 1903, aka yi Burmi a shekarar, jama'a suka yo gabas da shi cikin kayansu.

Rumfa ya rasu a 1499 bayan shekara 37 a kan gado bisa lissafin Hijira, shekara biyar kafin Amara Dunƙas ya kafa daular Funj a Sinnar. Babbar makarantar Rumfa College a Kano sunansa ta ci, Kasuwar Kurmi tana ci har yau, sarakunan Kano kuma a gidan da ya gina suke zama.