IGOR SIKORSKY DA JIRGI MAI SAUKAR UNGULU

Ran da na fara ganin jirgi mai saukar ungulu yana sauka, ƙura ta turnuƙe, iska tana kaɗa shi, sai na ce a raina lalle zai kife. Wannan ne ya sa na shiga laburaren makarantarmu neman labarin mutumin da ya yi fice wajen ƙera shi.

An haifi Igor Sikorsky a birnin Kiev a 1889. A 1909 da 1910 ya gwada ƙera irin wannan jirgi sau biyu, amma ba wanda ya iya ɗaga mutum. Sai ya koma ga jirage masu fukafukai, har ya ƙera mai inji huɗu a 1913. Bayan juyin mulkin Rasha ya yi ƙaura zuwa Amurka a 1919, ya kafa kamfaninsa a 1923.

Ran 14 ga Satumba, 1939, yana da shekara 50, ya ɗaga jirginsa VS-300 a garin Stratford, an ɗaure shi da igiyoyi. Ba malamin da zai koya masa tuƙi. Shi ne maƙeri, shi ne kuma ɗan koyo.

A watan Disamba na shekarar, abokin aikinsa Serge Gluhareff yana gwada jirgin kusa da ƙasa, sai iska ta bugo farat ɗaya, jirgin ya kife, farfelarsa ta ragargaje. Dalili kuwa, farfelar doguwa ce. Jirgin yana karkata kaɗan, sai bakinta ya sari ƙasa. Har yau nan ne masu koyon tuƙi suka fi taka tsantsan.

Sikorsky bai fid da rai ba. Ya gyara, ya sāke fasali, a watan Mayu 1940 jirgin ya tashi ba igiya. A watan Nuwamba 1945 kuma wani jirginsa ya ceto mutum biyu daga kwalekwalen kaya da ya maƙale a teku, ana tsakiyar guguwa. Ya rasu a 1972.

To, 'yan'uwana ɗalibai, ni da na faɗi lissafi a zangon da ya wuce, na ga ba ni da hujjar jefar da littafi. Mai haƙuri yakan dafa dutse.