Likita Banting da allurar ciwon sukari

A Madawa da Buza da Keita mun san ciwon sukari. Mai wannan ciwo yana yawan jin ƙishirwa, yana yawan fitsari, yana ramewa ko da yana cin abinci. Wani lokaci kiyashi kan taru a wurin da ya yi fitsari. A da, yaron da ciwon ya kama ba ya daɗewa a duniya. Likitoci ba su da wata dabara sai rage masa abinci, har ya koma ƙashi da fata. Ga labarin mutumin da ya sake wannan hali.

Sunansa Frederick Banting. An haife shi ranar 14 ga watan Nuwamba 1891, a ƙasar Kanada. Ubansa manomi ne, shi ne kuma auta cikin ƴaƴa biyar. Ya koyi aikin likita a jami'ar birnin Toronto. Ya gama a 1916, lokacin yaƙin duniya na farko, sai ya shiga soja. A 1918 aka ji masa rauni a hannu a Faransa, amma bai bar duba sojojin da suka yi rauni ba.

Bayan yaƙi ya buɗe ɗakin duba marasa lafiya. Mutane ba su zo da yawa ba, sai ya duƙufa ga karatu. A cikin cikin mutum, bayan tumbi, akwai wata tsoka da likitoci ke kira pankireyas. Ita ce ke yin wani sinadari mai taimaka wa jiki ya yi aiki da sukari. In babu shi, sukari sai ya taru cikin jini. Banting ya ƙudura sai ya ciro wannan sinadari.

A 1921 wani babban malami, Macleod, ya ba shi ɗakin bincike da karnuka da ɗalibi guda mai suna Best. Suka yi ta gwaji. Karnuka da yawa suka mutu, amma ba su karaya ba. Ran nan suka yi wa wani kare mai ciwon allura, sukarin jininsa ya sauka. Wani masani, Collip, ya tace sinadarin. Sunan sinadarin insulin.

A watan Janairu 1922 aka gwada shi a jikin wani yaro, Leonard Thompson, wanda ke bakin mutuwa. Allurar farko ba ta yi kyau ba. Ta biyu ta tashe shi. Ya ƙara shekara 13 a duniya.

A 1923 aka ba Banting da Macleod kyautar Nobel. Banting ya raba kuɗinsa biyu, ya ba Best rabi. Shi da abokansa ba su nemi dukiya da maganin ba. Sun bar wa jami'a shi a kan dala ɗaya ɗaya ta kuɗin ƙasarsu.

Banting ya rasu a 1941, cikin haɗarin jirgin sama. Insulin ba ta raba mutum da ciwon, amma tana sa ya rayu, ya yi noma, ya yi karatu. Saboda haka duniya ta mai da ranar haihuwarsa ranar ciwon sukari.

Tambayoyi
1. Waɗanne alamu ne ke nuna ciwon sukari?
2. Mene ne aikin insulin a jiki?
3. Don me Banting ya ba Best rabin kuɗinsa?